Gidan Lambar Mota: Kariya Ce Ko Kwalliya?

(Kiɗan taken shiri)

Muna gaida mutanen Augie da Bayawa da Tiggi da Birnin Tudu da Bubuche da Yola, da na Argungu da Birnin Kebbi, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka da muryarmu ke iske su. Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke jiran lodi a tasha, da 'yan kabu-kabun da suka jingine babur a inuwa suka kunna rediyo. Sannunku da aiki.

Yau a kan wani ɗan ƙaramin abu za mu yi magana, wanda kowa ke gani kullum amma ba a cika tsayawa a kansa ba. Firam ɗin nan da ake zagaye lambar mota da shi, wanda wasu ke ce wa gidan lamba. Akwai na baƙar roba, akwai na ƙarfe mai ƙyalli, akwai mai 'yan fitilu, akwai kuma mai murfi da ke rufe lambar ruf. Shin yana da wani aikin da yake yi, ko kuwa ado ne kawai ake kashe wa kuɗi?

Ba zan ja muku rai ba. Yana da aiki, amma aikin ƙarami ne, kuma a bayan lambar da gefenta yake yin sa. Da zarar ya hau fuskarta, to ya tashi daga mai taimako ya koma mai ɓarna. Bari mu bi abin daki-daki.

Lambar mota tana cikin 'yan abubuwan da mutum ke saya da kuɗinsa, ya ɗaura a jikin dukiyarsa, amma don idon wasu. Kai da ke riƙe da sitiyari ba ka ganinta. Wanda ke bayanka ke ganinta, da jami'in da ke tsaye a shinge, da mai tallar fura a bakin hanya, da yaron da ke kora awaki. Tun asali ma don haka aka ƙirƙiro ta. A birnin Faris na ƙasar Faransa aka fara wajabta ta a 1893, tun mota tana baƙuwa a kan titi, domin in an yi ɓarna a san wanda za a nema. A jihar Niyok ta Amurka, a 1901, cewa aka yi kowa ya sa haruffan farkon sunansa a bayan motarsa, kuma kowa shi ke haɗa abinsa, wani a kan fata, wani a kan katako. A 1903 jihar Masacuset ta fara buga lamba da kanta tana ba masu motoci. Sai a 1956 aka daidaita girmanta a Arewacin Amurka, inci 12 a tsawo da inci 6 a faɗi, wato kusan santimita 30 da 15. Ku riƙe wannan awon, za mu dawo kansa, don tamu ta Najeriya ma kusan a kansa aka yanka ta.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da buga lambobi. Tsarin da muka sani ya fara a 1992, shekara guda ke nan bayan an cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, aka kuma sabunta shi a 2011. Malam direba, in kana kusa da motarka, leƙa ka duba. A can sama akwai sunan jiha, da kirarinta da Turanci, namu na Kebbi yana nufin ƙasar adalci. A kusurwar hagu akwai tutar ƙasa, a ƙasa kuma akwai cikakken sunan Tarayyar Najeriya. A tsakiya akwai haruffa uku da ke nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista: BRK na Birnin Kebbi, ARG na Argungu, JEG na Jega. Sai alƙaluma uku da wasu haruffa biyu. A tsohuwar lamba, haruffan ƙaramar hukuma a ƙarshe suke zuwa, a ta 2011 aka dawo da su farko. Launin rubutun ma magana yake yi: shuɗi motar gida, ja motar haya, kore motar gwamnati. Sannan farin da ke jikin lambar ba fenti ba ne irin na bango. Wata fata ce ta musamman da aka manna a kan alminiyam, wadda ke mayar da haske zuwa inda ya fito, shi ya sa da dare in fitilarka ta haska bayan wata mota lambar ke fara bayyana.

To ku lura da inda sunan jiha yake: daf da bakin lambar ta sama. Daidai wurin da firam mai faɗi ke zama ke nan.

Daga ina ma wannan firam ya zo mana? Da yawansa a jikin motocin da muke ce wa 'yan Kwatano ya shigo. A Amurka, dillalan motoci kan sa firam mai ɗauke da sunan kamfaninsu da garinsu a kan motar da suka sayar, talla ce mai arha. Motar ta yi shekarunta can, a loda ta a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta biyo hanya har Argungu, firam yana nan daram. Sai ka ga Alhaji yana yi wa wani dillali na Tekzas talla kyauta shekara da shekaru, ba su taɓa ko gaisawa ba. Daga baya masu kayan gyara suka ga akwai kasuwa, suka riƙa kawo masu sunan ƙungiyar ƙwallo, da masu alamar jam'iyya, da masu addu'a. A kan na addu'ar kuwa, ina da 'yar magana. Lambar mota a ƙasa take, inda taɓo da ruwan kwata ke fantsama. Ko ya dace a rubuta sunan Allah a irin wannan wuri? Wannan na bar wa malamanmu, su ne masu fatawa.

Yanzu mu ba firam haƙƙinsa.

Lamba fallen alminiyam ce marar kauri, da hannu ma kana iya lanƙwasa ta. Yawancin masu ɗaura ta noti biyu suke sa mata a sama, su bar ƙasan yana reto. A kan kwalta mai santsi babu laifi. Amma sauka daga titi ka shiga hanyar ƙauye mai gargada, ka bi ta fadama zuwa gonar shinkafa, lambar nan karkarwa take yi ba hutu. A hankali ramin notin ya buɗe, tsaga ta fara daga bakinsa, wata rana ka isa gida ka tarar da noti biyu a jikin bamba, lamba kuwa ta zauna a hanya. Abin da lafi ke yi wa bakin riga, shi firam mai kyau ke yi wa lamba: yana kama gefen kada ya yage. In kuma akwai faranti mai ƙarfi a bayanta wanda ta kwanta a kai, aka ɗaure ta ta kusurwa huɗu, to reto ya ƙare, ƙarar nan ta kwaram-kwaram da ke damun fasinja ita ma ta ƙare.

Mu mutanen bakin gulbin Rima akwai abin da ya fi shafarmu, shi ne ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta 2020 ya san yadda hanya ke komawa gulbi a kwana ɗaya. Ko a daminar da ba ta kai wannan ba, akwai wuraren da dole ka ratsa ruwa kafin ka isa. Idan mota ta tunkari ruwa da ɗan gudu, lambar gaba ce ke fara karo da shi. Ruwan ya tura ta, ta naɗe ƙarƙashin bamba, ko ya ɓalle ta ɗungum, direba bai ma ji ba saboda ƙarar inji. A nan farantin baya yana da rana ƙwarai. Ko da yake maganin farko shi ne ka shiga ruwa a hankali, don ba lamba kaɗai gudu cikin ruwa ke ci ba, har inji.

Sai batun awon da na ce ku riƙe. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai, gurbin lambarta dogo ne siriri, domin lambar can santimita 52 ce a tsawo da 11 a faɗi. Tamu gajera ce mai faɗi. In aka zo ɗaurawa ramuka ba sa haɗuwa. Nan ne za ka ga mai gyara ya ɗauki ƙusa ya huda lambar inda ya ga dama, wani lokaci a tsakiyar harafi, kan noti ya zauna a cikin sifiri ya mai da shi kamar takwas. Wani kuma ya lanƙwashe ƙasan lambar don ta shiga gurbi. Akwai farantin da aka yi musamman don wannan: shi ake ɗaurewa a jikin mota, sannan a ɗaura lamba a kansa ta ramukanta na asali. Wannan kam kuɗin da aka kashe masa bai tafi a banza ba.

Ƙaramin amfani na ƙarshe, bakin lamba yana da kaifi. Yana yanke hannun yaran da ke wankin mota, yana kuma goge fentin but har tsatsa ta samu ƙofa. 'Yar roba a gefe ko a baya tana maganin wannan.

Wasu na cewa firam yana hana satar lamba. Ba ya hanawa. Ɓarawon da ya zo da sukurdireba, notin da ya riƙe firam shi ne ya riƙe lamba, duka zai kwance. In sata kake tsoro, a buga maka ribiti.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan gidan lambar mota. Mun faɗi alherinsa, saura ɗaya gefen, kuma nan ne maganar ta fi yawa.

Firam mai faɗin baki yana haɗiye sunan jiha, wani ma har ya ci kan haruffa. A Amurkar da ta koya mana shi, jihohi da dama tara suke ci in firam ya rufe sunan jiha. Ƙasansa kuma kwaroro ne da ke tara laka. Lakar fadama in ta shiga nan ba ta fita da wankin sama-sama, tana zaune da damshinta. Idan firam ɗin ƙarfe ne, to ga ƙarfe iri biyu sun haɗu da ruwa a tsakaninsu, kuma a irin wannan haɗuwa alminiyam ne ke cinyewa. Shi ya sa wani in ya kwance firam bayan 'yan shekaru yakan tarar da farin gari a gefen lambar, fatar nan mai ƙyalli ta fara ɗagowa. Abin da aka sa don kariya shi ya jawo lalacewa.

Mai 'yan fitilu shuɗi da ja, wanda samari ke so, sai an yanka wayar mota an jona shi. In mai wayarin bai ƙware ba, yau fiyus ya ƙone, gobe batir ya kwana ya mutu. Kuma hasken nasa ido yake ɗauka, ba ya bari a karanta rubutu. Mota ta zo da 'yar farar fitila a saman lambar baya tun daga kamfani. Ita ce abin dubawa. Da yawanmu ƙwanta ya mutu tun bara ba mu sani ba.

Amma babban mai laifi shi ne murfi. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, wannan shi ke hana lamba koɗewa." Ranar da aka sa shi garau yake kamar gilashi. Bari ya sha ranar bazara ta ƙasar Kabi, ya sha ƙurar hunturu ana goge shi da busasshen tsumma. Sai ya yi ruwan ɗorawa, ya yi zane-zane, da damina kuma raɓa ta taru a cikinsa. Da dare fitilar na baya tana dukan robar ta dawo, ba ta kai ga rubutun ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wannan fa farin murfi ke nan. Mai duhun kuwa, wanda sai ka sunkuya ka kusa manna ido kafin ka ga harafi, ba shi da wata fassara sai guda: mai motar ba ya son a karanta lambarsa. Ko da zuciyarsa fara ce, saƙon da motarsa ke bayarwa ke nan.

Haka jakar fatar nan da ake sa wa lamba. Asalinta a motocin manyan masu mulki ne, inda ake rufe tambarin ofis in mai ofishin ba ya cikin motar. Yanzu duk wanda ya ji ya isa sai ya ɗinka tasa. Rundunar 'yan sanda ta sha fitar da gargaɗi a kan rufaffiyar lamba, musamman in zaɓe ya gabato. Ranka ya daɗe, in girma ake nema, mai girma ai shi ne wanda ba ya shakkar a san motarsa.

Ku kwatanta wannan a ranku. Ranar kasuwa ce, magariba ta kawo jiki, mota ta buge yaro a bakin hanya ta ƙara wuta. Mutanen da ke wurin ƙiftawar ido biyu ko uku gare su kafin ta ɓace cikin ƙura. Ba kowa zai kama lambar duka ba. Amma wani zai ce jan rubutu ne, wani ya ce ya ga ARG, wani ya riƙe alƙaluma biyu, wani ya ce sunan jihar da ke sama Kebbi ne. In aka haɗa waɗannan gutsattsarin, jami'ai sun samu bakin zare. Murfi mai duhu da firam mai faɗi su ke tsinke wannan zaren. Kuma kada ka ce ai kai ba ka gudu in ka yi haɗari. Juya maganar: ranar da aka sace motar taka, ka kai rahoto, aka buga waya shingayen hanyar Sakkwato da ta Kamba, da me za su gane ta? Kai da hannunka ka yi wa ɓarawo rabin aiki.

Ta fuskar doka, rufe lamba ko tafiya ba ita laifi ne a ƙarƙashin ƙa'idojin hanya na ƙasa, kuma jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi ya sa tarar naira 3,000 a kan laifin lamba. Kuɗin ba su kai ɓacin lokacin ba, in an tsare ka da lodin shinkafa a hanyar kamfanin casa. A Legas ma yanzu kyamarori ke karanta lamba a kan titi su tura wa mai mota takardar tara. Akwai wani hukunci da direbobi ke yawan kafa hujja da shi: a watan Janairun 2025, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce hukumar ba ta da hurumin hukunta direba don lambarsa ta koɗe, tunda ita ce ta buga ta. To a fahimta da kyau. Wancan magana ce ta lambar da ta koɗe da kanta. Bai shafi wadda ka rufe da hannunka ba. Ni kuma shawarata, ko kotu ta wanke ka, lambar da ba ta karantuwa ba ta yi maka aikin komai, ka nemi a sake maka.

Yanzu bari in juyo kan 'yan uwana masu babura, don in gaskiya za a faɗa, a ƙasar Augie babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, kuma matsalarsa ba firam ba ce. Lambar ce babu. Ka tambayi mai babur, sai ya ce, "Tana gida, ranka shi daɗe," ko ya ɗaga sirdi ya nuna maka ita a naɗe cikin leda. Dalilinsa kuma ba ƙarya ba ne: a kan madigadi ake ɗaura ta, buhu ya danne ta, igiyar roba ta lanƙwashe ta, gargada ta karya ta. To ga inda ƙarfen mai walda ke da amfani fiye da kowane firam na kanti. Ɗan faranti mai kauri, a walda shi ko a ɗaure shi da kyau a ƙarƙashin fitilar baya, lamba ta kwanta a kai, shi ke nan. Bayan harin da aka kai garin Mera a nan ƙasar Augie a watan Nuwamban 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin sanin wanda ya shigo gari da abin da ya hau ba. Ba na cewa lamba za ta tare mugu. Amma in baburan mutanen kirki duka babu lamba, na baƙon da ya zo da mugun nufi ba ya fita daban.

Direbobin manyan motoci sun daɗe da gane wannan karatu. Dubi bayan tirela ko motar katako mai ɗaukar shanshara, za ka ga an rubuta lambar da fenti, manya-manya, a jikin bodi. Sun san laka za ta rufe ta ƙasa, sai suka ƙara wata inda ido zai kai.

Abu biyu kafin lokaci ya ƙwace mana. In lambarka ta faɗi ko an sace ta, kada ka je wurin mai zane ya yi maka ta katako ka ci gaba da harka. Kai rahoto ofishin 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka nufi ofishin lasisi na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Domin in wani ya tsince ta ya ɗaura wa motar da aka yi ta'asa da ita, sunanka ne zai fito a kwamfuta. Haka in ka sayar da abin hawa: a tsarin 2011 lamba da sunan mai ita take tafiya, don haka kada ka miƙa makulli ka juya baya ba a canza takardun mallaka ba.

To malam direba, yau in ka ajiye mota da yamma ga ɗan aikin da nake roƙonka. Kunna ƙananan fitilu, ka ja da baya taku ashirin, ka kira yaronka ɗan firamare ya karanta maka lambar, har da sunan jiha. In ya karanta ba gargada, bar firam ɗinka, ba ruwan kowa da shi. In ya tsaya yana ƙanƙance ido, ɗauko sukurdireba. Cire murfin, wanke lakar da ke ƙasa, sa roba a baya, ƙara noti biyu su zama huɗu, ka duba ƙwan fitilar lamba. Shugabannin tasha da na ƙungiyar 'yan kabu-kabu, ku ne kuke ganin waɗannan ababen hawa kowace safiya kafin kowane jami'i ya gan su, muna roƙonku ku sa ido. Iyayenmu hakimai da dagatai, a taimaka a ja kunnen matasa. Wanda kuma ya ga haɗari a hanya, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa gidansa lafiya.